Kulocin tsohuwar Hilux: wanne zan saya da bai fi ƙarfin aljihuna ba?

"Assalamu alaikum, Oga. Ina da tsohuwar Hilux mai shan gas, injin 3L, da ita nake kwaso masara daga kasuwannin ƙauye zuwa Funtuwa. Kwanan nan in na yi lodi na zo hawa, sai injin ya yi ta ihu motar ba ta gaba, har ƙauri nake ji. Bakanikena ya ce kuloci ne ya cinye. Na shiga kasuwa an nuna mini kala uku: na kwalin Toyota mai ɗan karen tsada, ɗan Beljiyam, da wani sabo mai araha da aka ce ɗan Chana ne. Wani kuma ya ce in sayi faranti kawai in bar sauran. Kuɗina ba su da yawa, ga shi kaka ta kama. Wanne zan saya?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da kasuwa. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: kulocin da kuɗinsa ba su yi yawa ba amma zai jure lodin da kake ɗora masa, da kuma ko za ka tsira in ka canza faranti kaɗai. Ga amsata tun farko, don kada ka gaji da karatu: a cikin ukun da aka nuna maka babu wanda zan fara zaɓa maka. Akwai na huɗu da ba a fito maka da shi ba, wato cikakken saiti na Aisin ko Exedy a cikin kwalinsu na kansu. Shi nake sa wa masu irin aikinka. Amma ban ga motar ba, ban taka fedarta ba, don haka akwai abubuwan da sai kai da bakanikenka za ku tabbatar kafin ka fitar da ko sisi.

Kafin a sauke giyabos

Kuloci abu uku ne ke aiki tare. Akwai faranti, mai fata gaba da baya, wanda ke zaune a kan sandar da ta fito daga giyabos. Akwai murfi, mai sifirin ɗin nan da ke da yatsu a tsakiya, wanda aka ɗaure a jikin filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin yana juyawa tare da shi. Sai rilis boris da ke danna yatsun in ka taka feda. Ka ɗauka faifai ne ka sa tsakanin tafukanka biyu ka matse: muddin matsin ya isa, duk inda hannu ya juya faifan zai bi, da zarar matsin ya ragu, sai hannu ya juya ya bar faifai a baya. Abin da ke faruwa a motarka ke nan a wurin hawa. Injin na juyawa, faranti na sulɓewa, ƙaurin da kake ji kuwa fatar ce ke ƙonewa.

Alamun da ka faɗa sun yi daidai da abin da bakanikenka ya ce. Duk da haka ka gwada da kanka. Ka hau hanya miƙaƙƙiya ba lodi, ka sa giya ta ƙarshe kana tafiya a hankali, ka take totur gaba ɗaya. In ƙarar injin ta tashi gudun motar bai ƙaru tare da ita ba, sulɓin ya tabbata. Daga nan ka danna fedar da yatsan hannu, ka ji ko akwai ɗan wasa kafin ta fara tauri. Littafin Toyota na motocin zamanin taka ya ba da milimita 5 zuwa 15. In babu wasan sam, wataƙila wani ya taɓa ɗaure sandar kulocin sama, wato famfon man da feda ke turawa, fiye da ƙima, mai ba ya komawa tukunyarsa, rilis boris na danne da yatsu ko da ƙafarka ba ta kai. Wannan yana sa lafiyayyen kuloci ya yi sulɓi kamar wanda ya cinye, kuma gyaransa sifana ce kawai. Na ga motocin da aka zo sauke musu giyabos a kan wannan.

Ka leƙa ƙarƙashin motar kuma, daidai inda injin da giyabos suka haɗu. In wurin ya jiƙe da baƙin mai, ko kana jin warin man giya, to sil, wato robar da ke tare mai, shi ne ke yoyo a kan faranti. Nan kam sai an sauke, amma ka sa kuɗin sil a lissafi, don sabon farantin da aka ɗaura a ƙarƙashin yoyo ba zai ga ƙarshen kakar nan ba.

Ga masu karatun da matsalarsu ƙin shigar giya ce, ba sulɓi ba: in giya na gurza haƙora, amma in ka yi famfon feda sau biyu ko uku sai ta shiga, ka fara da kulocin sama da na ƙasa, wato wanda ke gefen giyabos yana tura rilis boris. Duba bayan feda ko mai na gangarowa kan kafet, ka ɗaga robar na ƙasa ka gani ko ta jiƙe. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Inda kuɗin ke tafiya

Abin da ke yaudarar mutane a kasuwa shi ne suna kwatanta kuɗin kwali da kuɗin kwali. A aikin kuloci ba a nan tsadar take ba. Sai an kwance farfela, an cire sitata, an zare sandar giya ta cikin mota, an sauke giyabos ƙasa. In motarka mai ja da ƙafa huɗu ce, ƙarin akwatin giyar da ke manne a bayanta ya sa aikin ya fi nauyi, farfela ma biyu ce. Bakanike zai caje ka kuɗi ɗaya ne, ko gangariya ya ɗaura ko jabu. Ka haɗa da yinin da motar za ta yi a gareji ranar kasuwar Dandume ko ta Giwa ta wuce ka. Saboda haka kuloci mafi araha a wurina shi ne wanda za a sauke masa giyabos sau ɗaya.

Wannan ne kuma amsar mai cewa ka sayi faranti kawai. Sifirin ɗin murfi ƙarfe ne da aka ba shi tauri da wuta. Kulocin da ya yi sulɓi har ya yi ƙauri ya sha zafi, kuma zafi na kashe ƙarfin sifirin, ya bar tabo shuɗi-shuɗi a fuskar murfin, wani lokaci har ya ɗan lanƙwasa ta. Ido ba ya ganin raguwar matsi. Ka ɗaura sabon faranti a ƙarƙashin gajiyayyen murfi, satin farko ka ji daɗi, sai ranar da ka yi cikakken lodi ka zo hawan da ka saba. Akwai inda nake yarda a canza faranti kaɗai: in saitin bai daɗe da ɗaurawa ba, mai ne ya ɓata fatar, fuskar murfin sumul take, yatsunsa ba su ci ba. Naka ba haka yake ba. Rilis boris kuwa ba ma abin tattaunawa ba ne, shi ne mafi ƙarancin kuɗi a cikin ukun, kuma in ya fara kuka sai an sake sauke komai kafin a kai gare shi.

Kayan da ke kasuwa

Na kwalin Toyota ba shi da laifi in na gaske ne, sai dai ka san abin da kake biya. Toyota na sayen yawancin kulocinta ne daga wasu kamfanoni ta zuba a kwalinta. Babba a cikinsu shi ne Aisin, wanda ɗan gidan Toyota ne. In bakanikenka ya sauke tsohon murfin, kuma ba a taɓa canza shi ba tun daga kamfani, ka goge shi da tsumma ka duba, akwai yiwuwar ka ga sunan Aisin an buga a jikin ƙarfen. Aisin ɗin kuma na sayar da irin wannan kayan a kwalinsa, a ƙasa da kuɗin na Toyota. Exedy ma kamfanin Japan ne da ke yi wa masu ƙera motoci kuloci. Tsofaffin makanikai har yanzu Daikin suke ce masa, sunan da yake amfani da shi ke nan kafin 1995. Valeo na Faransa ne, shi muka fi sani a a-kori-kura 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. LuK da Sachs na Jamus ne, sun fi yawa a motocin Turai. Ga Hilux, tsakanin Aisin da Exedy duk wanda ka samu na gaske ka ɗauka, ban ga bambancin da ya isa a yi jayayya a kansa ba.

Ɗan Beljiyam sai an yi a hankali. A injin ko giyabos ni ma nakan ce a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo na kwance, don sau da yawa ya fi sabon da ke yawo a kasuwa. Amma kuloci abu ne da aka yi shi don ya ci, kuma wani ya riga ya ci rabonsa a ciki. In dole ta sa, ga yadda nake dubawa. Ka kalli kawunan ƙusoshin da suka riƙe fata, su kasance can ciki a nitse. Littafin Toyota ya ce in zurfinsu ya sauko zuwa milimita 0.3 farantin ya gama aiki, don haka wanda ya kusa nan ba abin saye ba ne ko a kyauta. Ka girgiza shi kusa da kunne: in ƙananan sifirin ɗin tsakiya na ƙaras-ƙaras a gidajensu, ajiye. Ka shinshina, mai ƙauri ko danshin mai ajiye. A murfi kuma ka shafa kan yatsun da farce, in rilis boris ya haƙa musu kwari sun gama. Ka nemi faranti da murfin da aka kwance daga injin ɗaya, ba tsintuwa daga nan da can ba, sannan ka sa sabon boris. Saitin kwance mai tambarin Aisin da ya tsallake wannan binciken ya fi mini sabon da ban san uwarsa da ubansa ba.

Wato dai ɗan Chanan da aka nuna maka. Ba daga Chana ya fito ba ne laifinsa, manyan kamfanonin nan ma suna da masana'antu a ƙasashe daban-daban. Laifin shi ne babu wanda zai iya gaya maka irin fatar da aka sa ko ƙarfin sifirin ɗinsa, kuma kwali ɗaya na iya zuwa da kaya mai kyau yau, gobe ya zo da shara. A ƙaramar motar da ke kai yara makaranta wani lokaci yakan yi. Injin gas kuwa bugunsa da ƙarfi yake, kowane bugu sifirin ɗin tsakiyar faranti ne ke shanye shi. Na sha sauke irin waɗannan na tarar sifirin ɗaya ya ɓalle daga gidansa ya maƙale tsakanin faranti da murfi, fatar ko rabi ba ta ci ba, amma giya ta ƙi shiga a tsakiyar daji. Araha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kam sun yi gaskiya.

Masu sake ɗaura wa tsohon faranti sabuwar fata suna nan, kuma a manyan motoci sana'a ce mai zaman kanta. A ƙaramar mota irin taka, abin fita kunya ne in an maƙale a garin da babu kaya. Tsohuwar cibiya da gajiyayyun sifirin suna nan yadda suke.

Akwai kuma wanda tabbas wani zai tallata maka da ya ji kana ɗaukar buhuna: kulocin da ake cewa na aikin ƙarfi ne, mai ɓallayen fata uku ko huɗu ko shida masu kama da tangaran a madadin fata zagayayya. Kada ka saya. An yi shi ne don motocin tsere da injinan da aka ƙara wa ƙarfi. Ba ya kamawa a hankali, fizga yake yi, yana cin fuskar filawil, kuma duk fizgar a giyabos da farfela take sauka. Injin 3L lita 2.8 ne, ba turbo, dokinsa bai kai 100 ba. Lafiyayyen kuloci irin na kamfani ya fi ƙarfin abin da injin nan zai iya ba shi.

Girma, da maganar jabu

Kada ka shiga kasuwa ka ce "a ba ni kulocin Hilux". Tun 1968 ake yin Hilux, kuma faɗin farantinta ya bambanta bisa injin da shekara: akwai milimita 225, akwai 236, akwai 250, na baya-bayan nan masu turbo har 260 da 275. Haƙoran tsakiya a yawancinsu 21 ne, wannan ne ma ke sa a yi kuskure, don farantin zai shiga sanda lafiya ƙalau alhali bai dace da murfi ko filawil ba. A ƙa'ida lambar shasi da lambar samfurin motar, irin su LN106, sun isa a nemo kayan. Amma mota mai shekarun taka a ƙasar nan, da wuya a ce injin da giyabos da filawil duk na asali ne. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a sauke tukuna, ka ɗauki tsohon faranti da murfi da boris a buhu ka tafi da su. Ka ɗora sabo a kan tsoho ka ga faɗi, ka ƙirga haƙora, ka duba tsawon cibiya, ka daidaita ramukan noti na murfi. In kana duba lambobin Toyota, na faranti na farawa da 31250, na murfi 31210, na rilis boris 31230.

Jabu kuwa shi ne babban ciwon wannan shawarar tawa, ba zan ɓoye maka ba. Duk sunan da ya yi kasuwa an kwaikwaye shi, kwalin Toyota da na Aisin su ne kan gaba, kuma masu kwaikwayon sun ƙware har tambarin jikin ƙarfe suna bugawa. Ni kaina ba na rantsuwa a kan kwali. Abin da nake kallo aikin hannu ne: ƙusoshi a daddale iri ɗaya, gefen ƙarfe ba kaifi ba ɓurɓushi, yatsun murfi duk tsayinsu ɗaya in ka kalle su ta gefe, rubutun jiki ya fito tsaf ba dishi-dishi ba. Boris ya juya shiru da ɗan nauyin giris a ciki. Wanda ke wulwulawa sakaka yana shuu, babu komai a cikinsa. A boris sunayen da na yarda da su Koyo ne da NSK da Nachi. Farashi ma shaida ne. Ka tambayi shago uku; wanda ya faɗo ƙasa warwas da kuɗinsa a kan kaya mai suna ɗaya, ya gaya maka abin da ke cikin kwalin.

Duk wannan bai kai sanin mai kaya ba. Ka saya a wurin mai shago tsayayye wanda makanikai ke komawa wurinsa, ba yaran da ke tare mutum a bakin kasuwa ba. Ka ce masa kai tsaye, "Alhaji, mota ce ta lodi, gangariya nake so, in bai yi ba zan dawo maka da shi," ya rubuta maka rasit da sunan kayan. Ka tafi da bakanikenka don idonsa, amma kuɗin ya fita daga hannunka zuwa hannun mai shago. Ba zargin kowa nake ba, ni ma ɗan sana'ar ne, na dai san yadda kamasho ke canza zaɓi. Farashin yau ban rubuta ba da gangan, don yana bin canjin dala, abin da na faɗa a wannan watan zai zama ƙarya a wata mai zuwa.

Ranar ɗaurawa

Ka tsaya a wurin in za ka iya, don kuloci mai kyau na mutuwa a hannun mai gaggawa. Filawil ne farkon abin dubawa. In fuskarsa sumul ce, a goge ta da samfefa a wanke. In ta yi kwari-kwari ko tabon zafi, a kwance a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar. In akwai tsaga mai zurfi, a nemo na kwance. Sabon faranti a kan filawil mai tudu da kwari shi ke kawo kakkarwar nan da mota ke yi in za ta tashi. A tsakiyarsa akwai ɗan ƙaramin boris da kan sandar giyabos ke shiga, kuɗinsa kaɗan ne, a canza. A duba sil ɗin bayan injin da na gaban giyabos, a duba cokalin da ke tura boris da ƙwallon da yake zaune a kai.

Sabon murfi na zuwa da ɗan mai a fuskarsa don kada ya yi tsatsa, a wanke shi kafin a ɗaura. Faranti na da gaba da baya. A saita shi a tsakiya da tsohuwar sandar giyabos, a ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Giris a haƙoran sanda ɗan shafawa ne kawai, in ya yi yawa zai fantsama kan fata. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga an bar nauyin giyabos na reto a jikin faranti, ko an ja shi da noti da ƙarfin tsiya don ya ƙi shiga. Cibiyar farantin lanƙwashewa take yi, kuma gobe a ce kayan ne jabu. Ƙurar da ke cikin wurin kuma kada a hure ta da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, don tsofaffin fatu da wasu masu arahar na iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu. A ƙarshe a zubar da tsohon man kulocin, a zuba sabon man birki DOT 3, a fitar da iska, a saita wasan feda.

In kuɗin suka gaza, ga inda zan rage da inda ba zan rage ba. Zan haƙura da kwalin Toyota. Zan sa robobin gyara a kulocin sama da na ƙasa maimakon sababbi, in cikinsu bai ci ba, don waɗannan a waje suke, kowace rana ana iya komawa kansu. Abin da sai an sauke giyabos ake kai gare shi kuwa, faranti da murfi da boris biyu da sil mai yoyo, a nan ba zan rage ba. In ma saitin Aisin ko Exedy ya gagara, sai na kwance da aka bincika yadda na faɗa, tare da sabon boris.

Saura kai, Malam. An yi motar nan ne ta ɗauki wajen tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100, kuma ni da kai mun san ba goma kake ɗorawa ba. A kan hanya lodi ba ya cin kuloci sosai, wurin tashi yake cinsa. Ka tashi da giya ta ɗaya ko da motar na iya tashi da ta biyu, kada ka riƙe ta da rabin kuloci a hawa alhali ga birkin hannu, ka sauke ƙafarka daga kan feda da zarar giya ta shiga. In ta kafe a yashi ko taɓo, a rage buhuna a tura, ko ka sa ƙaramar giyar ƙafa huɗu in tana da ita. Minti kaɗan na gurzar kuloci a rami na cin abin da watanni ba su ci ba. Sabon saitin ma yana son kamar kilomita 500 zuwa 800 na tafiya da matsakaicin kaya kafin fatar ta zauna daidai da filawil, don haka ka tsara aikin ya faɗo kafin manyan ranakun kasuwa, ba daren jajibirinsu ba.